Tankari Illa, Wanda Aka Kwafo Daga Gare Ni

Jama'a, ni ba marubuci ba ne, kuma ban zo in burge kowa ba. Abin da zan faɗa muku, na rantse da Wanda raina ke hannunshi, da ni ya faru, ba wani ya ba ni labari a otogar, tashar mota, ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya wuce abinshi, ni dai na gaji da riƙe shi a ciki.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina shofer, wato direba, a wani furoje, aikin taimako na gyaran ƙasa, mai biro, wato ofis, a Madawa. Ba zan faɗi sunanshi ba. Aikinsu jera duwatsu bisa tudu don tare ruwa, da dashen itace, da gina rijiyoyi, daga Bangi har Buza har cikin duwatsun Keita, ni kuwa ni ne ƙafarsu. Tun furojen yana da tsohuwar mota guda wadda sai an tura take tashi nike tare da su. Na san kowace ƙorama, na san wadda ake shiga in ta kawo da wadda ko raƙumi ba ya gwadawa, na san gidan kowane maigari da sunan karenshi. Lekwal kam, makarantar boko, aji biyar na tsaya, babana ya cire ni ya kai gona, don haka faransancina na tsince-tsince ne, amma ina karantawa in an ba ni lokaci, kuma ina sa hannu, ba dangwala yatsa nike ba.

To ana nan sai aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, guda biyu, wadda ku yaran yanzu kuke yawo da ƙanwarta a aljihu. A lokacin kuwa abu ne kamar akwatin amarya, ana lulluɓe shi da zane saboda ƙura. Manyan furojen can ƙasar Turawa sun buɗe wani shafi a intanet, abin da ko sunanshi ba mu iya faɗa ba a lokacin, inda ake sa hotunan ƙauyuka da rijiyoyi da ɗan tarihin kowane ma'aikaci, don masu ba da taimako su ga inda taimakonsu ke zuwa. Duk abin da zai hau shafin nan daga na'ura ta farko yake tashi, ya bi wayar talho ya tafi Yamai, daga can ya ƙetare. Ita muke ce wa ta gaske. Ta biyun kuwa, da ke ɗakin gefe, ta gwaji ce. Lokaci lokaci sai a kwafo duk abin da ke cikin ta gaske a disket, wani ɗan faifai, a zuba a ta gwaji, tsohon da ke ciki ya goge, don in za a gwada wani sabon abu ko a koya wa wani, a lalata can, kada a lalata na gaske.

Shugabarmu wata Baturiya ce, Madam kawai muke ce mata, kuma doka biyu ta kafa. Ta farko, kwafi daga ta gaske yake zuwa ta gwaji, ba ya taɓa komowa baya. Ta biyu, in an zuba a ta gwaji, sai a cire hotunan mutane a sake musu sunaye na ƙarya, tunda kowane ɗan koyo yana iya taɓa ta, kada sirrin mutane ya watsu. Ku riƙe wannan ta biyun, don daga nan tsiyar ta fito.

Wa aka ba aikin? Iliya. Ɗan wani malamin jinya ne daga cikin Kiristocin da ke zaune kewayen asibitin mishan, yaron da na sha ɗauka a bayan mota kyauta yana majina. Ya yi kolej, shi ke nan fa, sai ga shi a ɗaki mai fanka, bisa kujera mai juyawa, da riga a soke cikin wando, Madam tana sunkuyawa kusa da shi suna dariya da faransanci. Ni kuwa ina waje ƙarƙashin mota, baƙin mai na ɗiga mini a ido. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji zafi, kuma har yau ina ji. Na taɓa cire kunya na ce wa Madam ni ma a koya mini, ta dafa kafaɗata ta ce motata ita ce ordinatar ɗina. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma ranar ko tuwo bai wuce mini ba.

Wata rana manyan baƙi suka zo daga Yamai, aka sayo rago, Malam Bawa gardinmu, mai tsaron ƙofa, ya yanka shi a bakin magudanar tsakar biro. Malam Bawa dattijo ne daga wani ƙauye a arewacin Buza, mai rawani har bisa hanci, ba ya yawan magana. Madam ta kwashi baƙin a motarsu sun tafi ganin wani dashe, mu kuma muna jiran nama ya gasu, babu aikin yi. A ranar ne Iliya ya yi sabon kwafi, yana zaune yana sake wa mutane sunaye, sai na ji ya ƙwala kira ta taga:

"Kawu! Zaka ka gani, yau kai za a raɗa wa suna!"

Na shiga ina goge hannu, ma'aikata suka biyo ni. Ga tarihina nan a gilashi: an haife ni a wani ƙauye kusa da Azarori, na fara da aparanti, wato yaron mota, a motocin albasa masu zuwa bakin teku, na shigo furoje tun farkonshi. Ya cire hotona, wurin ya zama farin fili. Ya ce wane suna nike so, na ce ya bar ni da wanda ubana ya yanka mini rago a kai. Sai kontabul ɗinmu mai riƙe kuɗi, wani mai bakin tsiya, ya ce, "To ai ga rago can an yanka, mi ya rage?" Ya zaro goro daga aljihu ya fasa ya rarraba. Iliya ya ɗan yi tunani ya buga: Tankari Illa. Kontabul ya sunkuya a kunnen na'urar kamar liman ya raɗa sunan, ya ɗaga hannu ya ce a shafa, wasu sakarkaru suka shafa, mai dafa mana abinci ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa.

Da a nan suka tsaya da da sauƙi. Sai wannan ya ce a ƙara mishi faransanci mai kyau, Iliya ya buga. Wancan ya ce a sa yana jin Buzanci, ya buga. Mai abinci ta ce a rubuta ba ya ƙorafi, ba ya ɗaure fuska, ba ya tofa jan goro a tayar mota. Suna faɗa yana bugawa suna faɗuwa don dariya, wato duk abin da suke ganin na rasa, shi suka tara wa Tankari, a gabana. Na fito raina a ɓace na iske Malam Bawa yana wanke wuƙa. Bai ɗago ba ya ce:

"Abin ga da suka yi babu kyau. An raɗa suna, an raba goro, jini ya zuba. Mi ya rage ga haihuwa?"

Na ce, "Malam, wasa ne na ƴan lekwal."

Ya ce, "Su suka san wasa ne."

Aka yi ƴan makonni, na ma manta. Ran nan cikin bazara na taso daga Keita ni kaɗai da tsakar rana, rana tana dukan ƙarfen mota har ba a iya dafa shi, ina gangarowa wajen Allakaye sai tiyon ruwa ya fashe, tururi ya tashi. Na tsaya ina zage-zage. Wurin nan babu gida babu rijiya, duwatsu ne baƙaƙe sai wata aduwa guda, kuma wallahi da na tsaya na duba, babu kowa ƙarƙashinta. Ina buɗe gaban mota sai na ji sallama a bayana. Mutum ne tsaye da ƴar jaka da buta, sa'ana, tsawona, riga fes kamar yanzu aka goge ta. Ya ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa, bari in kama maka." Kafin in ce wani abu ya yanko tsohon tub na taya daga bayan mota, ya naɗe tiyon, ya ɗaure da waya ya murɗa ta baya. Jama'a, ɗaurin nan ni na ƙirƙiro shi da kaina a hanyar Kwatano ina saurayi, ban taɓa ganin wani ya yi shi haka ba. Kuma yana murɗa wayar na ga babban yatsanshi na hagu, da tabo a karkace, irin wanda bel ɗin mota ya yi mini.

Ya ce in taimaka mishi zuwa Madawa, ya ji ana neman shofer. A hanya na tambaye shi mutumin ina ne, ya faɗi ƙauyenmu. Na ce ɗan gidan wa, ya yi murmushi ya ce ai ya daɗe da barin gida, tun yana aparanti a motocin albasa. Na ce sunanka fa? Ya ce, "Tankari Illa."

Dariya na yi, wallahi, har da buga sitiyari. Na ce lalle Iliya ya iya shiri, nawa ya ba ka? Ya dube ni ya ce wane ne Iliya. Daga nan har muka shiga gari ina ta satar kallonshi, kuma ga wani abu da har yau ya fi komai damuna: muddin ina kallonshi ina ganin fuska sarai, ido da hanci da gemu, amma da na mai da ido ga hanya sai ta ɓace mini daga kai. Yau ko za a yanka ni ba zan iya ce muku ga kamanninshi ba.

Muka isa biro, ashe a makon an kawo sabuwar mota kat-kat fara daga Yamai, wadda na daɗe ina mafarki, na ma riga na faɗa wa uwar ƴaƴana cewa tawa ce. Madam ta fito, mutumin nan ya gaishe ta da faransanci kamar ruwa, ta ba shi makulli ya zaga da ita gari, suka dawo tana washe baki. Aka ɗauke shi. Aka ba shi sabuwar, aka bar ni da tsohuwata. Da kontabul ya ji sunan ya ce ikon Allah, sunaye ai suna haɗuwa, kwana biyu kuma sai ya zama kamar babu wanda ya tuna an taɓa yin wasan nan, in na tayar da zancen sai su dube ni kamar na sha wani abu. Mutum biyu kawai na ga abin ya taɓa. Iliya, da ya ji sunan kofin shayi ya suɓuce mishi. Da Malam Bawa, wanda tun daga ranar bai taɓa ba Tankari hannu ba, sai dai ya amsa sallama daga nesa ya ja rawani.

Kai, na sha baƙin ciki a watannin nan! Mutum ne wanda ba ka samun inda za ka kama shi. Ba ya makara, ba ya ƙorafi, motarshi kullum kamar an lashe. In mun shiga rugar Buzaye ya juya harshe, sai ga shayi, sai ga cuku, ni kuwa da na yi shekaru ina bin wurin ko tabarma sai na nema. Kuma bai taɓa yi mini rashin kunya ba, kullum "ɗan'uwa, ka karya?", "ɗan'uwa, kawo in duba maka birki", ni kuwa kirkin nan nashi ya fi zagi ƙona mini rai. Sai ga labari ya fito cewa in shekara ta ƙare za a mai da mota guda Yamai, shofer guda za a riƙe. Ba sai an faɗa mini wanda za a sallama ba. Ina da mata da ƴaƴa, ga tsohuwa a ƙauye, ga shekaru sun fara ja, wa zai ɗauki mai aji biyar?

Abin bai tsaya ga mota ba. Wata ranar kasuwar Bangi mun je da motoci biyu, sai ga wani tsoho da zabuwa a hannu yana neman shoferin furoje da ya ƙetare ƙorama da surukarshi tana naƙuda a wata damina, ya kai ta asibiti ta haihu lafiya. Ni ne. Ni na shiga ruwan nan har ƙirji ina lalube hanya kafin in sa mota. Na matso ina gyara hula, sai tsohon ya wuce ni ya miƙa wa Tankari zabuwar yana sa mishi albarka. Na ce, "Baba, ni ne fa!" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a ɗana, wanga ne, ga tabon hannunshi nan ban manta ba." Na miƙa mishi nawa yatsan har kusa da hancinshi, ya kalle shi kamar yana kallon bango. Tankari kuwa ya karɓa da hannu biyu ya ce ai yi wa kai ne, Baba. Da muka fito ya ce in ɗauki zabuwar in kai wa yara. Na ce ya riƙe tsiyarshi.

Sai kuma gida. Wata Juma'a bayan masallaci ya biyo ni wai zai gai da iyali. Uwar ƴaƴana mace ce ta da, mai kunya, tun da aka kawo ta ɗakina bakinta bai taɓa furta sunana ba, ko a bayan idona. Akwai wani mahauci a unguwarmu mai suna irin nawa, shekara da shekaru "mai sunan Malam" take ce mishi, ko ta ce "mai naman can". To ranar ta kawo mana tuwo, sai na ga ta ajiye kwanona a gaban baƙo, kwanon da ko babban ɗana bai isa ya taɓa ba, ni kuma ta ajiye mini na baƙi. Bayan ya tafi na ce ke, mi ke nan? Ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi Malam ban san yadda aka yi ba, hannuna ne ya kai."

Washegari da aka tashi hutun rana kowa ya watse, na shiga wa Iliya ɗakin gwaji na rufe ƙofa. Na iske yaron ya rame. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kawu, na san abin da ya kawo ka, zo ka duba." Ya buɗe shafin Tankari. Tarihin da na sani ɗan guntu ne, yanzu ya yi tsawo sai an ja ƙasa, ga zancen matar Bangi a ciki, ga gyaran tiyo a Allakaye, har da wasu abubuwa nawa da ban taɓa faɗa wa kowa a biro ba. Wurin hoton kuma da ke fari ya yi duhu-duhu, kamar inuwar kai da kafaɗu. Ya kai ni ɗaya ɗakin ya buɗe nawa a ta gaske, sai na ga ya koma layi biyu, sunana da aikina. Ya rantse da Littafinsu bai taɓa ko ɗaya ba, kuma tun ranar ragon nan bai sake yin kwafi ba, tsoro yake ji.

Na ce, "To kwafo sabo ka zuba a kai."

Ya ce, "Kawu, in na zuba sabo, duk abin da ke ciki ya tafi fa."

"Shi nike so."

"Jiya tare muka ci biredi da shi. Mutum ne mai cin abinci, mai gumi. In wani abu ya same shi, ni Ubangiji zai tambaya."

Na ce, "To ni da ke tsaye gabanka, disket ne ni? Kai ka haife shi da yatsunka don a yi mini dariya, yanzu ya ci motata, ya ci alherina, ya ci a kwanona, sai ya shiga ɗakina za ka san ni ma mutum ne?"

Ya sa kai bisa tebur yana hawaye, amma ya ƙi. Na fito na bar shi. Wasu za su ce na nemi ran mutum. Ku ce. Ban ji kunya ba a ranar, ban ji ba yau.

Abin da ya ƙi yi don ni, ya yi shi dole don Madam. Aka ce wasu ɗalibai za su zo daga Tawa koyon aiki, ta ce a sabunta ta gwaji kafin su iso, kuma ta tsaya a kanshi. Da hantsi ne, Tankari ya riga ya kama hanyar Keita da wani injiniya a sabuwar mota. Ina tsakar biro ina wankin tawa, ta taga ina hango Iliya yana sa disket yana cirewa, wani ɗan layi yana tafiya a gilashin sannu sannu. Malam Bawa ya bar bakin ƙofa ya zo ya tsuguna kusa da ni yana jan carbi. Layin nan ya wuce rabi kaɗan, sai fanka ta tsaya. An ɗauke kuran, wutar lantarki. A Madawar wancan lokaci wannan ba labari ba ne, kullum ne, amma Malam Bawa ya ce innalillahi da ƙarfi, ya tashi ya koma wurinshi. Da wuta ta dawo ta gaske ta tashi lafiya lau, tarihina ya komo amma ba duka ba. Ta gwaji kuwa ba ta sake tashi ba har abada, aka kai ta Yamai gyara, ba ta dawo ba.

Da la'asar sai ga injiniya a motar kasuwa, ƙura har gira. Ya ce sun wuce Buza suna hawan tudu, suna cikin hira, sai shofer ya yi shiru a tsakiyar magana, ya gangara gefe ya kashe mota, ya ce, "Yallaɓai, bari in kama ruwa." Ya ɗauki butarshi ya zaga bayan wani dutse. Ya jira, ya yi hon, ya bi shi. Ya iske butar a tsaye da rabin ruwa, sawun takalmi ya zo daidai wurin ya tsaya, bai yi gaba ba, bai komo ba. Ni aka aika na ɗauko motar, kuma na ga butar da idona, ban taɓa ta ba. Jandarmomi suka zo suka nemi hoto, babu wanda ke da shi. Suka ce a kwatanta shi, Madam ta ce fari ne siriri, kontabul ya ce baƙi ne kakkaura, mai abinci ta ce ita fuskar ta ɓace mata. Aka je ƙauyenmu, aka ce ba a san shi ba, sai wata gwaggona da ta ce kamar ta san shi, kamar ma ita ta yi goyonshi, sannan ta dube ni ta rikice.

To, ni aka riƙe. Aka ba ni sabuwar kat-kat, na shiga na iske kujerar daidai ƙafata, madubi daidai idona, ban gyara komai ba. Kuna tsammanin na ji daɗi? Har furojen ya rufe, in na yi ƙorafi sai Madam ta yi ajiyar zuciya ta ce Tankari da bai ce haka ba. In na shiga ƙauye sai a ce ina mutumin kirkin nan, Allah ya jiƙanshi in ya mutu. Wasu alheran nawa sun komo gare ni, wasu har yau da sunanshi ake faɗinsu, matar Bangi ma yaron da ta haifa a waccan damina ana ce mishi na Tankari. Iliya yana Yamai yanzu da tumbi da mota mai sanyi, in mun haɗu sai ya cika mini hannu ya kauce, ba ya yarda mu haɗa ido. Ni kuwa ga ni nan, ina kishin wanda ban ma san ko an taɓa haihuwarshi ba, kuma in gaskiya za a bi, ya fi ni iya zama ni.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Bayan ɓatanshi da ƴan kwanaki ina zaune a tsakar gida, sai na ji uwar ƴaƴana ta leƙa ta katanga ta kira mahaucin nan, ta kira shi da sunanshi, wato sunana, gatsau, da ƙarfi, ta ce ya kawo mata hanta. Na ce ke! Ta juyo tana mamaki, ta ce mi ta yi? Na ce sunan wa kika faɗa? Ta sake faɗa, a gabana, ko ƙiftawa babu, kamar sunan wani baƙo. Na ce to faɗi sunan shoferin nan da ya ci tuwo a nan ranar Juma'a. Jama'a, matar nan ta sunkuyar da kai, ta ja gefen zane ta rufe baki, ta ce, "Haba Malam, ni in faɗi wanga suna?"

Yau shekara ashirin da wani abu, mun aurar da ƴaƴa, mun ga jikoki, ba ta taɓa saɓa mini ba, ba ta taɓa kallon wani ba. Sunana kuwa tana faɗinshi kamar sunan gishiri. Na kai ta wurin malamai, an yi rubutu an sha, ita ba ta ma ga abin da ya canza ba.

Don haka ku da kuke cika sunayenku da hotunanku da tarihinku cikin na'urorin nan, kuna bari ana kwafa ana kai inda ba ku sani ba, ku dinga tambaya ina kwafin yake kwana, kuma wane suna aka sa mishi. Kada ku yarda a raɗa suna da wasa, balle a ranar da jini ya zuba. In kuma za a goge, a tabbata an goge duka. Namu rabi aka goge, kuma har yau in ta ajiye mini kwanona ta ce "Malam, ga abinci", sai na ɗan jira kafin in sa hannu, don ban san da wanne daga cikinmu take ba.